CIWON CIBIYA KO MADARAR GWANGWANI? ABIN DA NA GANI A JEGON 'YAR FARI

Yau labarin jegona na fari zan ba ku. Abin da ya tuno mini da shi kuwa, watan jiya na je barka gidan wata ƙawata, na tarar jaririnta yana tsala kuka yana miƙa, ga gwangwanayen madara iri uku jere a kan durowa, kowanne an ɗebi kaɗan an ajiye. Ina gani gabana ya faɗi, domin hanyar da na bi ke nan sak, kuma na san inda ta kai ni. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka na ga bai kamata in yi shiru ba.

Na haifi 'yata ta fari a watan Afrilu na 2021, a tsakiyar zafin Kano. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mini aiki aka ciro ta, na kuma zubar da jini mai yawa. Kwana uku ina kwance, ko juyi ba na iya yi, nono kuma bai kawo ba sai ɗan dakashi. Yarinya na kuka, dangi na cewa yunwa za ta kashe ta. Maigida ya fita a guje ya dawo da gwangwanin madarar jarirai da fida sabuwa dal. Ba zan ɓoye muku ba, a raina har da ɗan jin daɗi, wai ni 'yata 'yar gata ce, madarar kanti take sha. Da nonon ya zo daga baya, ta riga ta saba da fida, in na ba ta sai ta kama ta saki, ni kuma ga ciwon ɗinki, sai na bi hanya mai sauƙi.

An sa mata sunan mahaifiyar maigida, shi ya sa muke ce mata Ummi. Saboda aikin da aka yi mini ban tafi wankan gida ba, sai Gwaggona ta zo daga ƙauye ta zauna da ni.

KUKAN MAGARIBA

Kamar mako guda bayan suna abin ya fara. Da rana Ummi lafiya lau take barcinta. Ana kiran sallar magariba sai ta fara. Fuska ta yi jawur, ta dunƙule hannu, ta naɗe ƙafafu zuwa ciki, ta banƙare, tana kuka kamar ana yanka ta. A goya ta kuka, a sauke kuka, a ba ta fida ta zuƙa biyu ta ture. Wani lokaci sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare take yin shiru, bayan ta yi tusa ta gaji don kanta.

Nan fa likitocin gida suka taso. Gwaggo ta ce, "Ciwon cibiya ne 'yar nan, duk ku ma kun yi shi. Bari in jiƙa mata ɗauri." Hajiya surukata ta zo ta ɗaga fidar ta duba, ta ce, "Yo wannan ai tsararo ne! Yaushe wannan ruwan zai riƙe cikin mutum? Yunwa ke damunta. Ku riƙa tula cokalin, ku ƙara ɗaya a kai." Maƙwabciyata ta ce madarar ce ba ta karɓe ta ba, ita ɗanta sai da aka canja masa. Maigida ya je kemis, mai kemis ya ba shi wata iri mai tsada, haɗe da wani maganin ɗigawa a baki. Kafin Ummi ta cika mako shida mun buɗe madara iri huɗu. Kowacce sai mu yi kwana biyu muna cewa an dace, a na uku kuka ya dawo.

Shawarar Hajiya na bi, don ba na iya musu da ita. Ina tula cokali, ina ƙara ɗaya. Da madarar ta yi kauri ta ƙi fita, Gwaggo ta sa allura a wuta ta buɗa hudar kan fidar. Ba a yi kwana biyar ba kashin Ummi ya koma tauri, ƙanana kamar na akuya, sai ta yi ta nishi tana kuka kafin ya fito. Kukan da muke fama da shi da dare ya zama har da rana.

Gidan ma ya fara tsami. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma ga rashin barci, ga kuɗin madara, domin gwangwani mai giram 400 kwana huɗu ko biyar yake yi mana. Ya koma kwana a falo. Wata rana cikin dare ya leƙo ya ce, "Wai ke ba ki iya rarrashin yaro ba ne?" Ban ce masa uffan ba. Yana fita na kifa kai a kan filo, ni kuka Ummi kuka. A daren nan na raya a raina cewa ni dai ban cika uwa ba, tunda na kasa shayar da 'yata, na kuma kasa sa ta yin shiru.

Da wata ya yi nisa kuɗi suka ja baya, sai na juya dabara. Na ce tunda kauri ya hana ta kashi, bari in sirka da ruwa sosai, ga sauƙin ciki ga tattali. Sauran da ta rage kuma na daina zubarwa. In na haɗa da isha'i, sai in tsoma fidar a kwanon ruwan ɗumi in rufe, ta sha da tsakar dare, ta ƙara da asuba. Ga zafi, ga babu wuta balle firji.

Ranar da ta cika mako bakwai gudawa ta ɓalle mata, da amai. Wuni guda ta zube. Abin da ba zan manta ba shi ne shirun da ta yi. Yarinyar da muka yi wata guda muna roƙon Allah ta yi shiru, ga ta kwance ba kuka, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, maɗigarta ta loɓa. Gwaggo ta ce maɗiga ce, a nemo magani a shafa. Maigida ya dubi 'yarsa sau ɗaya ya ce, "Gwaggo a yi haƙuri, asibiti za mu." Allah Ya saka masa da alheri. Likita ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, da mun ƙara kwana da sai dai wani labarin. Kwana uku muka yi ana yi mata ƙarin ruwa.

ABIN DA SISTA TA FAƊA MINI

A ɗakin yaran akwai wata dattijuwar nas, kowa Sista yake ce mata. A rana ta biyu ta ce in haɗa madara a gabanta yadda nake yi a gida. Na zuba gari, na tsiyaya ruwan filas da ido, na girgiza. Ta riƙe haɓa ta ce, "'Yata, zauna. Ba faɗa zan yi miki ba, rashin sani ya fi dare duhu." Abin da ta koya mini, da wanda likita ya ƙara, da wanda na bincika daga baya, shi zan zayyana muku.

Na farko, kukan magariba. Abin da muke kira ciwon cibiya likitoci sun daɗe da saninsa. Tun a 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa masa ma'auni: jariri mai lafiya, mai cin abincinsa, ya riƙa kuka fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Yakan fara wajen mako na biyu, ya tsananta wajen mako na shida, ya tafi da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. Kusan jariri ɗaya cikin biyar yana yin sa, kuma mai shan nono yana yi, mai shan madara yana yi. Cibiyar kanta ba ruwanta. Ashe lokacin da muke ta canja gwangwani, kukan Ummi hawa yake yi zuwa ƙololuwarsa, ko me muka ba ta sai ya hau. Mu ne muka ɗora mata taurin kashi da gudawa a kan abin da zai wuce da kansa. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Na biyu, madarar. Yawancin madarar jarirai daga nonon saniya ake yin ta, a gyara ta ta kusanci na mutum. Nonon saniya ya ninka na uwa wajen sau uku a sinadarin gina jiki, kuma yawancinsa irin mai daskarewa ne a ciki, kamar yadda kindirmo ke kamawa. Na uwa kuwa mai laushi ya fi yawa, shi ya sa yake saurin narkewa. Kamfanoni suna rage wancan su daidaita shi a madara mai lamba 1, wadda ake ba jariri daga haihuwa. Duk da haka ta fi nono daɗewa a ciki. Don haka kashin mai shan madara ya fi kauri da wari, wani lokaci har da ɗan kore-kore, na mai shan nono kuwa ruwan ɗorawa ne mai laushi. Wannan bambanci ba ciwo ba ne. Haka nan jariri ya yi nishi ya yi ja kafin ya yi kashi, in dai kashin da laushi ya fito, koyon yunƙuri yake yi. Kashi mai tauri a bushe shi ne abin dubawa.

Sista ta ce madara mai lamba 1 ta kamfanoni daban-daban kusan abu ɗaya ce a ciki, domin ƙa'ida ɗaya suke bi, tsada ba ta nufin ta fi. Amma madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, da ta awo da ake ƙullawa a leda a kasuwa, da nonon shanu ko na akuya, duk ba abincin jariri ba ne kafin ya shekara. Suna wahalar da ƙodarsa, kuma ba su da isasshen sinadarin ƙarin jini.

AWO DA RUWA

Nan ne na fi yin ɓarna. Cokalin da ke cikin gwangwani awo ne kamar na magani. A yawancin madarar da ke kasuwarmu, cokali ɗaya a shafe na ruwa mil 30 ne, amma kowace uwa ta karanta jikin gwangwaninta, domin akwai masu bambanci, kuma kada a ɗauki cokalin wata madara a auna wata. Ruwa ake fara zubawa a duba layin fida, sannan gari ya biyo. A shafe bakin cokalin da bayan wuƙa mai tsabta, ba tulawa, ba dannawa. In gari ya yi yawa, gishirin da ke ciki ya fi ƙarfin jariri, sai ƙishirwa da taurin kashi, har ruwan jiki ya ragu. In ruwa ya yi yawa, yaro ya cika ciki bai ƙoshi ba, ya rame, wani ma har jijjiga takan kama shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, garin madarar kansa, ko sabon buɗewa ne, yana iya zuwa da ƙwayar cuta. Saboda haka a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida cewa a haɗa shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. A aikace, ki tafasa ruwa ya yi tafasa sosai, ki sauke, kada ya wuce minti 30 ki haɗa. Ko ruwan leda ne ko na roba sai an tafasa. Bayan kin girgiza, ki tsoma gindin fidar a ruwan sanyi ta huce, ki ɗiga a wuyan hannunki ki ji ɗumi-ɗumi kafin ki ba shi. Duk abin da ya kai awa 2 da haɗawa, zubar da shi. Wanda ya sha ya rage ma haka. Na san da ciwo a zubar da abin da aka saya da tsada, amma kwanon ruwan ɗumin nan da nake tsoma fidar Ummi, gonar ƙwayoyin cuta na yi musu, kuma kuɗin kwana uku a asibiti ya fi na madarar da na yi tattali. Dabarar ita ce ki haɗa kaɗan, in bai ƙoshi ba ki ƙara. Da dare ki ajiye tafasasshen ruwa a filas mai riƙe zafi, ki haɗa sabuwa duk lokacin da ya farka. Gwangwanin da aka buɗe kuma a rufe shi ruf a wuri mai sanyi, a gama da shi cikin wata guda.

Fida da kanta da murfinta a wanke da sabulu da burushi bayan kowane sha, a tafasa su minti 10. Sista ta ce inda ruwa da makamashi ke wuya, ƙaramin kofi ya fi fida, domin ba shi da lungun da datti zai maƙale, kuma jariri na iya kurɓa da shi tun yana ɗan kwanaki in an koya wa uwa.

Sai yawan abin da ake ba shi. Bayan makon farko, jaririn da madara kaɗai yake sha yana bukatar kamar mil 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a wuni da kwana. Mai kilo 4 ke nan wajen mil 600, a raba sau bakwai ko takwas. Mu kuwa da ta buɗe baki sai mu cusa fida, alhali wani kukan na gajiya ne, wani na zafi, wani na son a ɗauke ta. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in an ɗura masa fiye da kima sai tumbuɗi da kumburi. Hudar da Gwaggo ta buɗa kuwa ta sa madara na kwarara, Ummi na haɗiya da sauri tare da iska. A riƙe jariri a ɗan zaune, a karkata fidar yadda madara za ta cika kanta, a bar shi ya huta a tsakiya. In ya kau da kai ya ƙoshi, kada a matsa masa ya shanye. Sannan a saɓa shi a kafaɗa a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Kada a taɓa jingina masa fida da filo a tafi aiki.

YAUSHE NE LAIFIN MADARAR?

Akwai jariran da da gaske jikinsu ba ya karɓar sinadarin nonon saniya, kamar biyu ko uku cikin ɗari. Su ba kuka kaɗai suke yi ba. Za a ga jini ko majina a kashi, ƙuraje da ƙaiƙayi a fata, amai mai yawa, ko rashin ƙaruwar nauyi. Irin waɗannan, canjawa daga wannan kamfani zuwa wancan ba ya magani, tunda duk saniya ɗaya ce. Likita ne zai rubuta musu madara ta musamman wadda aka farfasa sinadarinta. Ta waken suya ba a so a ba ɗan ƙasa da wata 6 sai da izinin likita, ta akuya kuma 'yar'uwar ta saniya ce a wannan matsala.

Ga alamomin da in kin gani ba jira, ba jiƙo, sai asibiti ko tsakar dare ne: amai kore, amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri bai sauka ba, zazzaɓi mai digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata 3, ƙin karɓar abinci, raguwar fitsari, domin mai ƙoshi yakan jiƙa nafkin kamar sau 6 a rana, maɗiga ta loɓa, ko jiki ya saki ya yi shiru irin na Ummi. Loɓawar maɗiga alamar ƙarewar ruwan jiki ce, shafe-shafe ba ya ɗago ta.

Game da ɗauri da jiƙe-jiƙe, da girmamawa nake cewa iyayenmu su yi mana haƙuri. Hanjin ɗan wata ɗaya bai yi ƙwarin ɗaukarsu ba, ba a san awonsu ba, ruwan da aka jiƙa su ma abin tsoro ne. Zuma kuwa, duk da albarkarta, ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Akamu ko kunu a cikin fida shi ma sai bayan wata 6, kuma da cokali.

KOMAWA GA NONO

Kafin a sallame mu Sista ta tambaye ni ko da sauran nono. Na ce ɗan kaɗan. Ta ce nono kamar rijiya yake, jan sa ke sa ya kawo. Ta nuna mini yadda zan riƙe Ummi ta gefen hammata don kada ta danne ɗinkin, ta ce in fara ba ta nono kafin madara kowane lokaci, dare da rana. Ta kuma ce ɗan dakashin nan da na raina a kwanakin farko, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, kuma kaɗan ɗin ya dace da cikinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2, wanda ya yi daidai da abin da addininmu ya koyar. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallar da ke sa uwa ta bar nono ta kama gwangwani, Nijeriya ma ta yi tata dokar a 1990. Amma Sista ba ta taɓa sa na ji kunya ba. Ta ce akwai maraya, akwai uwar da ba ta da lafiya, akwai wadda nonon ya gaza duk ƙoƙarinta, kuma madara rahama ce gare su in an haɗa ta daidai.

Cikin mako uku nono ya ƙaru, madara ta koma sau biyu a rana, iri ɗaya tak, a shafe. Kashi ya yi laushi. Kukan magariba dai bai tafi nan take ba, amma yanzu mun san ko mene ne. Maigida da ya ji bayanin likita da kunnensa, jikinsa ya yi sanyi. A mota muna dawowa ya ce, "Maman Ummi, ki yafe mini maganar da na faɗa miki." Daga ranar, in ya dawo masallaci shi ke karɓarta, ya kwantar da ita rub da ciki a kan damtsensa yana zagaya tsakar gida, ni in samu in yi wanka in ci abinci. In ta yi barci mu kwantar da ita rigingine. Mun kuma riƙe gargaɗin Sista cewa duk wanda kuka ya kai shi bango ya ajiye yaro a wuri mai aminci ya fita ya sha iska, kada a kuskura a jijjiga jariri da ƙarfi, domin yana taɓa ƙwaƙwalwa. Hajiya da kanta, da ta ga jikar ta murmure, ita ke tsawata wa masu zuwa da shawarar a tula cokali.

Ummi na cika wata huɗu, wata magariba muka ji gidan tsit. Muka leƙa da sauri, gabana na faɗuwa, sai ga ta kwance tana wasa da ƙafarta tana dariya. Yanzu haka tana makaranta, surutu kamar aku.

Ƙawata da na je wa barka, na zauna na haɗa mata fida ɗaya a gabanta, na ce ta tsaya a kan gwangwani guda, ta ci gaba da ba da nono, ta kuma kai shi awo a duba nauyinsa. Ke ma 'yar'uwa, in kina cikin wannan hali, kafin ki tura maigida kemis neman sabuwar madara, duba cokalinki, duba ruwanki, duba hudar fidarki, sannan ki tambayi ma'aikatan lafiya, matambayi ba ya ɓata. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya, Ya ba masu nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.